Fim ɗin da Ya Tsaya a Tsakiyar Ruwa

Aikin farko da maigidana Sule Majigi ya ba ni a gidan kallonsa da ke bayan kara, kasuwar shanu, shi ne in yi shiru. Na je masa da baki cike da surutu, don tun ina ƙarami an san ni da kwaikwayon muryoyin mutane, ina ganin fassarar fim ba wani abu ba ne, ka riƙe makirufo ka yi ta zuba. Ya zaunar da ni gaban talabijin, ya saka kaset ɗin Canis, wato fim ɗin faɗa na mutanen Sin, ya murɗe sautin gaba ɗaya, ya ce, "Kalli fuska, kalli ƙafa. Ran da ka gane wanda zai fara kai duka tun bai ɗaga hannu ba, ka zo mu yi magana." Damina guda na yi ina shara da jera benci, ina kallon mutane suna faɗa ba murya.

Shi ya sa nake dariya idan na ji ku samarin yanzu kuna cewa da kun zo a zamaninmu da kun fi mu. Sunana Iro, amma a Wudil in ba ka ce Iro Canis ba, ba mai nuna maka ƙofar gidana. Ban taɓa taka ƙasar Sin ba, ban san ko sannu da yarensu ba, Turancin ma na gane-hanya ne. Duk da haka na yi shekaru ina sa mutanen Sin suna Hausa a ɗakin kwano, kuma ba wanda ya taɓa tashi ya ce bai gane labari ba. Mutum ɗaya ne ya yi ta yi mini tambayar da na kasa amsawa har furfura ta cika mini kai, wato Baba Ɗanlami mai fito. Abin da yake son sani kawai shi ne ko wasu mutane da ke cikin wani jirgi sun haye kogi. Kafin in kai gare shi, bari ku san irin ɗakin da ya riƙa zama.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Bidiyo mai buɗe baki ta sama, talabijin mai ƙaton ƙeya, ƙaramin injin wuta da muke ajiyewa can nesa don kada ƙararsa ta danne ni, lasifika ɗaya, da makirufo da aka naɗe wuyansa da tsumma saboda yana jan hannu in gumi ya taɓa shi. Sai wani gwangwanin madara da ba ya rabuwa da ni, a ciki akwai reza, auduga, sifirit da jan farce. Idan bidiyo ya tauna zaren kaset ana tsakiyar faɗa, ɗaki yakan ɗauki ihu kamar an kama ɓarawo a kasuwa. A lokacin za ka zaro zaren a hankali, ka yanke inda ya tamuke, ka haɗa bakin biyu da ɗigon jan farce, ka hura masa iska. Hannunka na wannan aiki, bakinka kuma na ci gaba da labari don kada mutane su fara jifa da ɓawon rake.

Ita fassarar tana da dokoki, kuma Sule da ranƙwashi ya koya mini su. Ba a magana a kan duka. Idan takubba suka haɗu, ka ja bakinka ka bar ƙarfe ya yi magana, don shi mutane suka zo ji. Maganarka kafin duka take, ko bayansa. Ba a fassara fim ɗin da ba ka kalla ba tukuna, kada ka yi ta yabon mutum a farko ya zo ya zama shi ne maci amana. Kuma bakinka ya tsaya inda bakin ɗan wasa ya tsaya. Wannan ta fi ba ni wahala. Idan mutum biyu suka haɗu, kowa ya dunƙule hannu a tafinsa ya ɗan rusuna, sai in fara, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa. Kafin in kai ga tambayar lafiyar yara an riga an sare wa ɗaya hannu.

Kasusuwan finafinan suna zuwa mana daga Kano ba kwali ba suna, don haka mu muke raɗa wa fim suna, mu raɗa wa 'yan wasa. Jarumi dai akta ne, mugu bos ne, sauran kuma gwargwadon kamarsu. Akwai Gajere Mai Sarƙa, akwai Tanko Ba Dariya, akwai wani mai kumatu da muka sa wa sunan wani mahauci na bakin tasha, har mahaucin ya zo ya yi mana kashedi, daga baya kuma ya dawo yana tambaya yaushe za a sake nuna fim ɗinsa.

Ranar Juma'a ce kasuwarmu. Da an sauko daga masallaci za mu toshe tagogi da buhuna, ɗaki ya yi duhu da zafi kamar tanderu, mutane su cika shi har bakin ƙofa. Manoman Darki da Utai da Indabo da suka sayar da abin da suka kawo, Fulanin da suka rabu da shanunsu, fataken Nijar da na Cadi, da direbobin da ke jiran a loda musu shanu zuwa Kurmi, can Kudu. Da an kira la'asar a tsayar da fim, ko da akta na sama bai sauko ba. Wani direba Ibo ya taɓa gaya mini cewa wannan Gajeren Mai Sarƙa ya gan shi a garinsu, a can ma da nasu sunan suke kiransa. Wani alhaji ya ce a shagon shayi a Jidda ya iske Larabawa da 'yan Pakistan sun yi cirko-cirko a kansa. Ban yi mamaki ba. Labarin nasu ba ya bukatar yare. An kashe wa yaro malami, ya shiga duniya, ya yi ɗiban ruwa da faskare a gidan wani tsoho mai baƙin hali, ya ƙware, ya dawo. Duk wanda ya taɓa zama a ƙarƙashin wani ya san wannan labari.

Jini kuwa ba a magana. Ja jawur yake kamar fenti, ana soka wa mutum mashi ya fito ta baya, ya karya shi ya ci gaba da faɗa. Dattawa sun yi ta yi mana faɗa a kan haka, kuma ba za a ce ba su da gaskiya ba, don bayan kowace Juma'a sai an sami wanda ya yi tsalle daga katanga yana zaton iska za ta riƙe shi. Mai ɗorin unguwarmu in ya gan ni yakan ce, "Iro, abokin ciniki, Allah Ya ƙara kasuwa."

Wata Alhamis Sule ya dawo daga Kano da wani kaset da aka kankare takardar jikinsa. Na saka shi ni kaɗai don in shirya. Aktan mai fito ne, talaka, makaminsa gorar tuƙa jirgi. Wasu mahara suka faɗa wa ƙauyensu, ya kwashi mata da tsofaffi da yara a jirgi zai haye da su, bos ya yi tsalle ya dira a ciki. Suka yi ta gwabzawa a tsakiyar kogi, jirgi na juyi, mata na rungume da 'ya'yansu. Bos ya soka wa akta takobi a ƙasan haƙarƙari. Daga nan sai hoto ya ɗauke, allo ya koma yayyafi. Wanda ya kwafa a Kano ya sa shi a ƙaramin kaset, zare ya ƙare kafin fim ya ƙare.

Sule ya ce a nuna haka, in ƙarasa da baki. Muka sa masa suna Mai Fito. Da aka zo wurin, na ɗaga murya na ce akta ya zare takobin, ya fasa kan bos da gora, ya haye da kowa lafiya, har aka ba shi 'yar maigari. Aka yi tafi aka watse. Saura mutum ɗaya a bencin gaba, dogo, baƙi, da hannuwa kamar itace. Shi ne Baba Ɗanlami, wanda ke fiton mutanen ƙauyukan da gada ta yi wa nisa. Masunta ne suka jawo shi ranar, da suka ji ana fim ɗin mai jirgi.

Ya ce, "Yaro, sannu da aiki."

Na ce, "Yauwa Baba, sannu da zuwa."

"Hayewar nan da ka ce sun yi, ka gani da idonka?"

Na ce ban gani ba, kaset ne ya ƙare.

Ya ce, "To ka daina faɗa. Jirgin da ke juyi haka a tsakiyar ruwa, ba mai riƙe da gora, ba a cewa ya haye sai an gani. Ka nemo mini ƙarshen."

Daga ranar duk Juma'ar da za a nuna Mai Fito yana bencin gaba. Ba ya kallon sauran finafinai, ya ce tsalle-tsallen banza ne. Amma wannan ya ce duk wanda ya shirya shi ya san ruwa, don aktan yana kafa gora yadda ake kafawa, yana tsayuwa inda ake tsayuwa. Sauran 'yan kallo gardamarsu ita ce ko akta ya mutu, har ana rantse-rantse cewa akta ba ya mutuwa. Shi ko a jikinsa. Da allo ya koma yayyafi zai juyo ya ce, "Iro, sun haye?" In ce, "Ba a samo ba tukuna, Baba." Ya saɓa rigarsa ya koma bakin kogi. Masunta sun ce tun yana saurayi jirgin gidansu ya taɓa kifewa da 'yan kasuwa, shi ne kuma a kan gora ranar. Ban taɓa tambayarsa ba, shi ma bai taɓa ɗauko zancen ba.

Na nema, Allah Ya sani. Duk shigata Kano sai na bi rumfunan masu kaset. To me za ka ce musu? Fim ba suna. Ka ce na mai jirgi, su miƙo maka wani na 'yan fashin teku. Ka kwatanta fuskar akta, su ce ai duk kamarsu ɗaya. Wani a Fagge ya rantse yana da shi, na kwaso murna na dawo, na saka, sai ga kokawar Turawa.

Sai shekarar ruwa ta zo. Sule ya riga ya rasu, gidan kallo yana hannuna. Kogi ya cika ya tumbatsa ya shigo gari, ya ci gonaki, ya rushe gidajen ƙasa. Nawa asarar ƙarama ce in aka kwatanta da ta mutane, amma ita ce dukiyata. Kasusuwan suna cikin akwatin katako a ƙasa. Da ruwa ya janye na buɗe, laka ta shiga kowane ɗaya. Na kwance su, na zaro zaren na shanya a igiya kamar taliya, ina gogewa da auduga. Matata ta ce unguwa na cewa na zautu. Waɗanda suka bushe funfuna ta cinye su, in ka saka sai hoto ya yi ta rawa ya toshe kan bidiyo. Mai Fito yana cikin waɗanda ba su tashi ba. Da na gaya wa Baba Ɗanlami, sai ya ce, "Yanzu ko tsakiyar ruwan ma ba mu da shi ke nan."

Ban sake miƙewa sosai ba bayan nan. Faifai ya zo ya kori kaset, ƙwallon Turai ta zo ta cika gidajen kallo, aka fara kawo finafinai da fassararsu a ciki, an yi ta a ɗakin sanyi, mutum ya yi kuskure ya goge ya sake. Daga ƙarshe waya ta zo ta raba kowa da kowa. Na sayar da bencina ga wata makarantar Islamiyya, na koma gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwa. Ba na ƙin zamani, amma ina kewar ɗakin nan. Ina kewar lokacin da zan yi shiru, mutum ɗari su yi shiru tare da ni, ana jiran takobi ya sauka. Yanzu kowa na kallon nasa shi kaɗai da abu toshe a kunne, yana dariya kamar mai aljanu.

Kusa da rumfata akwai shagon Nazifi, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, sana'arsa tura wa mutane finafinai a waya. Kullum yana tsokanata, wai in zo in yi masa fassarar kukan fanka. Wata rana na ba shi labarin Mai Fito, don in nuna masa akwai abin da wayarsa ba ta da shi. Ya ce, "Kawu, ba abin da babu, sai dai ba a iya nema ba." Ya yi ta tambayata kalar rigar akta, da irin makamin bos. Ashe akwai mutane a ƙasashe daban-daban da ke tara irin waɗannan tsofaffin finafinai suna wanke su, suna gardama a kansu kamar yadda muke yi a bayan kara. Aka ɗauki watanni, har na manta. Ran nan ina cikin kwance wata rediyo ya miƙo mini waya ta saman tebur. Ga kogin, ga jirgin, ga mutumina da gorarsa, hoto tar kamar jiya aka ɗauka. Na ajiye sukundireba.

Na ce, "Ka kalli ƙarshen?"

Ya ce, "Kawu, ni irin wannan barci yake sa ni. Farkon kawai na duba."

Na ce kada ya nuna mini. Dokar Sule ce ba a fassara abin da ba a kalla ba, amma wannan tare muka jira shi da wani, ba zan riga shi gani ba.

Bayan la'asar muka hau babur ɗin Nazifi zuwa unguwar masunta. Baba Ɗanlami ya daɗe da barin ruwa. Muka same shi a zaure kan tabarma, an jingina shi da bango, yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya ga haske da inuwa. Muka gaisa, ya tambayi iyali da kasuwa da mutanen da suka daɗe da rasuwa. Na ce, "Baba, Iro ne, na gidan kallo."

Ya ce, "Na ji muryar. An samo?"

Na ce, "An samo."

Ya ce a gyara masa zama. Nazifi ya jingina waya da buta, ya kai ta wurin da mahara suka shigo ƙauye. Ba makirufo, ba lasifika, amma da na buɗe baki sai maganganun suka dawo da kansu, har sunayen da muka raɗa wa matan cikin jirgi. Jikokinsa da maƙwabta suka taru a bakin zaure. Inda takubba suka haɗu na yi shiru, ya kasa kunne yana gyaɗa kai. Aka zo wurin sukar. Wannan karon hoto bai ɗauke ba.

Na ci gaba da faɗin abin da nake gani, a karo na farko ba tare da na san abin da ke gaba ba. Akta ya riƙe takobin da ke jikinsa da hannu ɗaya don kada bos ya zare, ya kai masa gora a maƙogwaro, bos ya faɗa ruwa bai taso ba. Jirgi na ta juyi. Akta ya ja jiki zuwa bayan jirgi, jini na bin ƙafarsa, ya kafa gora a ƙasan kogi, ya kwanta a kanta da duk nauyinsa, ya tura sau ɗaya. Jirgi ya daina juyi. Shi kuma ya sulale ya faɗi, gorar ta tafi da ruwa. Sai wani jan rubutu ya hau kan allo, kiɗa ya tashi. Fim ya ƙare. Haka suke yi, da an gama faɗa ba sa ƙara ko numfashi. Jirgin yana nan a tsakiyar kogi.

Nazifi ya dube ni.

Baba ya ce, "Iro, sun haye?"

Na ce, "Baba, shi dai ya rasu. Su kuma a nan masu fim suka tsaya. Ba a nuna gaci ba, suna cikin ruwa."

Na zaci zai karaya, ni kam na karaya. Sai ya ce, "A tsayar da hoton. Hancin jirgin ina ya nufa?"

Nazifi ya mayar da baya kaɗan ya tsayar. Na matsa kusa na ce, "Ya karkata dama, Baba, yana kallon gangare."

"Gorar da ta faɗi, ta ina ta bi?"

"Ita ma dama ta yi."

"Me ke gabansu?"

Sau nawa na kalli kogin nan, ban taɓa duban bakinsa ba sai ranar. Na ce, "Can gaba kogin ya karya kwana. Akwai fari-fari a gefen."

"Dutse ne ko yashi?"

"Yashi ne, da ciyawa a bayansa."

Leɓensa suka yi ta motsi kamar mai lissafi. Sannan ya sauke numfashi, ya jingina kansa da bango.

Ya ce, "Za su sauka. Ya ɗora su a kan ruwan da zai kai su yashin nan, ko ba kowa a kan gora. Ya san abin da ya yi." Ya goge ido da bakin rigarsa. "Allah Sarki. Ashe ana iya yi."

Can ya laluba ya kamo hannuna, ya ce, "Ɗan nan ya mayar da shi wurin da akta ya tura jirgin. Ka faɗa mini a hankali, inda ya sa ƙafarsa."

Nazifi ya mayar. Na gyara murya, na fara daga inda ya ja jiki zuwa bayan jirgi.